Kwanon Shu'aibu

Ƙanena Shu'aibu bai taɓa zama wuri ɗaya har kunu ya huce ba. Tun yana yaro haka yake, in ka aike shi kasuwa sai ka ji labarinsa a tsallaken ruwa. Ni ce Larai, yayarsa, mai sayar da bandar kifi a bakin ruwan Yelwa. Ni na goya shi, bayana ya sha harbin ƙafafunsa, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ina da hurumin faɗa.

Mahaifinmu, Ɗanbaba, masassaƙin jirgin ruwa ne. Masassaƙan wajenmu suna da wata al'ada. In ka sayi jirgi a hannun mutum, kun ƙullu ke nan. Duk ranar da jirgin ya soma shan ruwa, ka jawo shi gaɓa, shi zai toshe, shi zai sake katakon da ya ruɓe, ba ya karɓar komai, muddin yana numfashi. Ba a kiran shaida, ba a rantsuwa. Kuma ba mai sauke masa wannan nauyi sai mai jirgin da bakinsa ya ce ya yafe. Baba ya riƙe al'adar nan har ya koma ga Allah, ba ta kuwa taɓa kayar da shi ba. To jirgi nawa mutum ɗaya zai sassaƙa a shekara? Ya san kowanne da mai shi, kuma jirage ba sa haɗa baki su fashe rana ɗaya.

Shu'aibu bai gaji gizago ba. Hannunsa ba ya jure aikin da za a wuni ana saran itace ɗaya. Maganar kawai ya gada, ita ya ɗauka ya kai inda ba wurinta ba.

Lokacin da aka tare ruwa a Kainji tafki ya cinye garuruwa, gwamnati ta gina wa mutane gidaje a kan tudu. Gidajen ƙanana ne, in rana ta take kuwa ba mai iya zama a ciki, sai kowa ya riƙa manna ɗakinsa na laka a gefe. Sai kuma kifi ya yi albarka a sabon tafkin. Masunta, Sarkawa da Gungawa, suka sami abin hannu, aka soma jin kunyar rufin ciyawa. Muna jihar Sakkwato a lokacin, ba a ma yi mafarkin Kebbi ba. Mai son kwanon rufi sai ya tafi Kontagora, ya sha wahalar mota, ya sha ta jirgi, kwanon ya iso gida a lanƙwashe.

Shu'aibu ya ɗauki tsohon jirgin Baba ya ɗaura masa inji, ya loda kwano da ƙusa da kafinta, ya shiga bin tunga-tunga, 'yan ƙauyukan nan na masunta da ke zagaye da ruwa. Duk inda ya sayar sai ya tsaya a buga a gabansa, sannan ya dafa bangon ɗakin, ya dubi rufin, ya ce wa mai gida, "Ruhin ga nawa na. In ya zuba, ko iska ta taɓa shi, aiko mani. Ni ka gyara shi, har in mutu."

Masunta sun san wannan magana, sun kuma san gidan da ta fito. Wa zai sake wahalar Kontagora? Kafin ka ce me, ya gina shago a Yelwa, a daidai filin da Baba yake sassaƙa. Daga nan ya buɗe a Wara, ya buɗe a Ngaski, ya haura Shanga, ya leƙa Birnin Yauri. Kaya suka wuce kwano, ga siminti, ga fenti, ga ƙofofin ƙarfe da tagogi da kwaɗo, har da silin. Ma'aikatan gwamnati masu gina gidan ritaya suka zama nasa, 'yan kwangilar makarantu ma haka. Kowane shago yana da kafintocinsa, kuma kowane kafinta an koya masa ya dafa bango ya faɗi maganar nan da sunan Shu'aibu. Shi kuwa bai san ma wasu gidajen ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Inna ta je Makka, matarsa Mairo ta yi ƙiba, ni ma ya gina mini rumbun ajiyar kifi a bayan shagon Yelwa. Amma hankalina bai taɓa kwanciya ba, don shi nasa bai kwanta ba. Yau yana Wara, gobe Shanga, abinci a tsaye, salla a cikin jirgi. In ya shigo gaida Inna, takalminsa ɗaya a ƙafa yake, kunnensa yana wajen ƙarar inji.

Sai kuma maganar duwatsu. Mutanen bakin ruwa sun san iskar farkon damina. Tun da kwano ya shigo, duk wanda ya yi rufi sai ya jera manyan duwatsu a kai, wani ya ƙara da tsohuwar taya, wani ya ɗaure da waya har ƙasa. Ba kyan gani, amma ana kwana lafiya. Shu'aibu ya tsani ganin wannan kamar me. In ya hango dutse a kan kwanonsa daga cikin jirgi, sai ya sa a juya, ya hau da kansa ya turo shi ƙasa.

Na ce masa, "Shu'aibu, mi duwatsun mutane sunka yi maka?"

Ya ce, "Yaya, dutse bisa ruhi zagi na. Mutum shina cewa bai yarda da ƙusata ba."

"To in bai yarda ba hwa? Kansa na ko naka?"

"Nawa na. Ai na hwaɗa masu."

Mutane kuwa suka ji daɗin abin. Ɗakin da ba dutse a kansa ya zama abin taƙama, daga nesa an san kwanon Shu'aibu ne. Har a bakin mata na sha jin ana cewa, mu ɗora dutse don me, ai Shu'aibu na nan. Ranar da na fara jin wannan magana kifin da ke hannuna ya kusa faɗuwa cikin wuta.

Shekaru suka tura, ƙasa ta shiga matsi, kaya suka yi tsada. Kwanon da ake kawowa daga kudu ya sirance. Na da, in ka ɗaga falle ɗaya sai ka ji shi a kafaɗa. Na yanzu kuwa da yatsa biyu kana lanƙwasa bakinsa. Shu'aibu ya gani, ba makaho ba ne. Na sha ganinsa yana murza bakin kwano yana tsaki, sannan ya ce wa kafintoci su ƙara ƙusa. Amma bai rage maganarsa ba ko da kalma ɗaya, bai kuma ce wa kowa ya mayar da dutse ba. A ganinsa hakan daidai yake da tsayawa a tsakiyar kasuwa ya ce ɗan Ɗanbaba ya yi ƙarya.

Iskar ta zo ne wata ranar kasuwa, bayan la'asar, a ƙarshen bazara. Hadari ya haɗo daga gabas, ja a ƙasa baƙi a sama, ruwan tafki ya yi tsit. Muna cikin tattara kaya ta sauko. Ban taɓa jin irin ƙarar nan ba, kuma ba na fatan sake ji. Kwano yana yawo a sama, wani ya naɗe a jikin giginya, wani ya faɗa ruwa. Ba ta daɗe ba ta wuce, ruwan sama ya biyo baya. Allah ya kiyaye rayuka a Yelwa. Amma da na ɗaga kai na dubi unguwar masunta, gidajen da suka rage da rufinsu su ne na matalauta masu ciyawa, da na 'yan taurin kan da suka mayar da duwatsunsu a ɓoye.

Washegari jirage suka fara isowa. Daga Wara, daga tsibirai, daga tungayen da ban taɓa jin sunansu ba. Iskar ta bi gaɓar tafkin ne tun daga ƙasa da Wara har sama da Shanga, kamar an ba ta adireshi. Ba wanda ya zo da faɗa. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Mutum zai sauko daga jirgi, ya yi sallama, ya yi jaje, ya tsuguna a inuwar shago, ya ce, "Alhaji, ruhinka ya tashi." Ruhinka, ba ruhina ba. Shi kuma ya ce, "Na ji. Ina tahe."

Ya fara da kwanon da ke shagon Shanga, ya ƙare. Ya kwashe na Birnin Yauri. Da kwano ya ƙare, sai ya tura siminti da fenti da ƙofofi Kontagora aka musanya masa da kwano. Shagon Ngaski ya zama kango, aka sa kwaɗo. Kafintoci suka yi haƙuri iya haƙuri, sannan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don su ma suna da bakunan ciyarwa. Shu'aibu ya koma hawa rufi da kansa, guduma a hannu, ƙusa a baki. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Damina kuma ta kankama, ba ta jiran kowa.

Ranar da na ji an rufe na Wara, na tare shi a bakin ruwa yana loda jirgi. Shagon Yelwa kaɗai ya rage. A cikinsa Inna take ci, da Mairo da 'ya'yanta, da ni kaina. 'Yan kasuwar Kontagora sun ce muddin shagon nan yana tsaye a buɗe za su ci gaba da kawo kaya, in ya rufe kuwa sun gama da mu. Ban damu da sauran ba, sun tafi sun tafi. Wannan ɗaya nake so ya tsira.

Na ce, "Ka tsaya in yi magana da kai."

Ya ce, "Hwaɗi, Yaya, ina ji." Bai tsaya ba.

"Baba jirgi ya sassaƙa, ba ƙasa duka ya ruhe ba. Iska ikon Allah ta. Ko alƙali ba ya ce ka biya."

"Ban yi magana da alƙali ba. Da su niy yi."

"To Inna hwa? Ita ba ka yi magana da ita ba?"

Nan ya ɗan tsaya, falle ɗaya a hannunsa. Na ga maganar ta shige shi, na kuma ji daɗin da ta shige shi. Sai ya ce a hankali, "In masu ɗakunan sunka ce sun yahe, shi ke nan. Amma ba ni roƙon kowa." Ya ja igiyar inji ya tafi.

Shi ba zai roƙa ba. Ni ban gaji komai a wurin Baba ba sai baki. Na ajiye kifina, na ɗauki hayar jirgin Bello, wani tsohon matuƙi da ya san kowane lungu na tafkin, na ce ya kai ni duk tungar da Shu'aibu bai riga ya isa ba.

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Kullum cikin ruwa, sama ruwa ƙasa ruwa, zanena bai taɓa bushewa ba. In mun isa tunga sai in nemi mai gari, a tara masu ɗakuna, in tsuguna in faɗi abin da ya kawo ni. Wasu kafin in rufe baki sun ce sun yafe, har da ba ni kifi. Wasu sai sun ja mini rai, su tuna mini yadda ya hau ya turo duwatsunsu, ni kuwa in haɗiye, don gaskiya suka faɗa. Wani ya ce sai ya yi shawara da matarsa, na bi shi har cikin gida na yi shawarar da ita da kaina. Duk inda aka yafe sai in nemi mai gari ya tura mutum Yelwa ya faɗa wa Shu'aibu baki da baki, don na san ba zai karɓa daga gare ni ba. Ban iya zama in ci abinci ba, ban iya barci ba. Bello ya ce ashe abin a jininmu yake.

Tunga ta ƙarshe ita ce Tungar Isa, can ƙasa da Wara, a wani tsibiri da ba a zuwa sai da dalili. Iska ta yi musu mugun aiki. Sun tsinto kwanon da ya tsintu, sun miƙe shi da dutse, sun toshe sauran da zana da tsofaffin buhuna. Mazan duk sun fita kamun kifi, sai wata tsohuwa, Kulu, wadda aka ce maganarta ita ce maganar garin. Na same ta a ɗakin da rabinsa sama ce. A ɗaya rabin jikarta ce kwance tana jego, an kafa kwarya da tasa da tukunya suna tarar ɗigo, jaririn yana ta atishawa.

Na ga wannan duka da idona, kuma na roƙa. Ba na jin kunyar faɗa, ni ma ina da tsohuwa a gida.

Kulu ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ke ɗiyar Ɗanbaba ta?"

Na ce, "Ni ta, Inna."

Ta ce, "Jirgin mijina shi yas sassaƙa. Ya gyara muna shi har ya tsuhwa ba shi iya ɗaga gizago, mijina yac ce ya yahe, ubanki yay yi hushi da shi wata guda." Ta yi 'yar dariya, ta gyara zaman tasar da ta cika. "Je ki ce ma ƙanenki mun yahe. Duk garin ga mun yahe. Ciyawa ba ta ƙare ba ga duniya, in ruwa ya ɗauke mu yanka."

Na yi godiya har da hawaye. Raina ya yi fari, ya kuma yi nauyi, duka a lokaci ɗaya. Na ce wa Bello mu juya yanzu, ko ruwa ban tsaya sha ba. Ba sauran wanda Shu'aibu zai ce yana jiransa. Duk hanya ina lissafa yadda za a yi, a share shago, a aika Kontagora, a fara da ƙusa da fenti, a kuma ɗinke bakin Shu'aibu kada ya sake dafa bangon kowa.

Mun kusa Yelwa da hantsi washegari, hadari yana sake haɗuwa. Daga cikin ruwa abin da ake fara hangowa a garin shi ne rufin shagonmu, dogo, ja. Na duba ban gan shi ba. Na ce ko idona ne. Da muka ƙara matsowa sai na ga bango tsaye, katakon rufi a jere tsirara, ana hango gajimare ta tsakaninsu.

Bello ya rage wuta ba tare da na ce masa komai ba. Wani jirgi ne ya taso daga gaɓa yana nufo mu, ya nutse har kusan baki saboda nauyi. Jan kwano ne a cikinsa, an jera an ɗaure, ramukan tsofaffin ƙusoshi suna nan a jiki. Shu'aibu yana baya riƙe da inji, shi kaɗai.

Na miƙe tsaye, jirgi yana tangaɗi, na ɗaga masa hannu. Ya kashe inji, jiragen suka matso har Bello ya kama bakin nasa.

Na ce, "Ina za ka da ruhin shago?"

Ya ce, "Tungar Isa. Su kaɗai sunka rage, sauran duk sun aiko."

"Daga can nike. Sun yahe, Shu'aibu. Tsohuwa Kulu da bakinta, da sunan gari duka. Juya mu koma, tun ruwa bai sauko ba a mai da kwanon ga inda kac cire shi."

Ya dube ni. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya tsage. Ban taɓa ganinsa ya tsaya cak haka ba, har na fara murna a raina, na ce yau dai ya ji.

Ya ce, "Kin shiga ɗakunan?"

Na ce, "Na shiga."

"Suna zuba?"

Ina da baki, kowa a Yelwa ya sani. Na yi ciniki da 'yan kudu na kayar da su, na sa mazan tsibirai sun janye maganar da ke hannunsu. Ƙarya ɗaya ƙarama ake nema a nan, ta kalma ɗaya, shago ya tsira. Na buɗe baki, sai atishawar jaririn nan ta dawo mini a kunne. Na rufe.

Shu'aibu ya gyaɗa kai. Ya sa hannu ya cire yatsun Bello daga bakin jirginsa a hankali, ya ja igiya, inji ya kama.

Na tsaya ina kallon bayansa, haushi kamar ya kashe ni. Na zage shi a zuci, na zagi kwano da wanda ya ƙirƙiro shi. Ga gari can a gabana, ga shagon da na wahala dominsa a buɗe yana jiran ruwan sama, ga Inna da zan je in yi wa bayani. Ɗigon farko ya sauka a hannuna.

Bello ya ce, "Larai, mu ƙarasa gaɓa?"

Na zauna, na ja mayafina na rufe kai. Na ce, "Juya ka bi shi. Ba kafinta ko ɗaya tare da shi, wa zai miƙa mai kwanon in ya hau?"